Ɗaukar Hoton Ƙananan Tsuntsaye a Fadamar Ambursa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, ya ratsa Ambursa a lokacin da shinkafa ta fara nuna a fadamar Gulbin Rima, lalle zai ga gungun jan baki, waɗanda mutanen Kabi ke kira buwa, suna tashi suna sauka a gonaki, yara kuwa suna ta kaɗa gwangwanaye don korarsu. Da yawa daga cikin samarinmu masu kyamara sukan yi sha'awar ɗaukar hoton waɗannan halittu, amma in sun duba abin da suka ɗauko sai su tarar ya fito dishi-dishi, su ɗora laifin a kan na'ura, alhali kuwa galibi illar daga rashin sanin sababi take.

Asalin al'amarin haske ne. Tun kusan shekara 1000 da suka wuce, Ibnul Haisam, masanin nan haifaffen Basra, ya bayyana a cikin Kitabul Manazir yadda haske, in ya shiga ɗaki mai duhu ta wata 'yar kafa, yake zana surar abin da ke waje a jikin bango. Bisa wannan ƙa'ida kyamara take aiki, sai dai tana da marufi mai buɗewa ya rufe, kuma duk abin da ya motsa a tsakanin buɗewar da rufewar, surarsa za ta gurɓace.

Masu gurɓata hoton kuwa uku ne. Na farko motsin tsuntsun kansa, domin gwara ko tsada, ko da tana zaune a kan kara, kanta ba ya daina juyawa. Maganinsa a sa marufin ya ƙifta cikin kashi 1 bisa 1000 na daƙiƙa, in kuwa tsuntsun yana cikin tashi ne, to, kashi 1 bisa 2000 ko abin da ya fi haka sauri. Na biyu rawar hannu, wadda dogon gilashi mai milimita 400 yake ninka ta kamar yadda yake ninka girman tsuntsun. Saboda haka ya wajaba mutum ya ɗora kyamarar a kan maɗori mai ƙafa uku, ko ya jingina da kututture, ya manne gwiwar hannunsa da haƙarƙari, ya tsai da numfashi kafin ya latsa. Na uku iskar da ke tsakani, domin ƙurar hunturu da hucin da ke tashi daga ƙasa da tsakar rana suna dusashe sura tun kafin ta iso gilashi, kuma babu tsadar na'ura da ke gyara wannan. Mafi alherin lokaci shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, ko bayan la'asar, rana tana bayan mai ɗauka.

Bayan haka sai saiti, wanda sharaɗinsa ya faɗa a kan ido. In ƙwayar idon ta fito raɗau da ɗan ɗigon haske a cikinta, an yafe wa wutsiya ko da ta ɗan dushe.

Amma jigon sana'ar shi ne kusanci, kusanci kuwa ba ya samuwa sai da haƙuri. 'Yan'uwan nan biyu na Ingila, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka fitar da littafin hotunan sheƙunan tsuntsaye a 1895, har cikin fatar bijimi da aka ɗinke sukan ɓuya domin tsuntsaye su saki jiki. Mutumin fadama ya wadatu da 'yar bukkar kara kusa da mashaya, ya sa tufafi marasa ƙyalli, ya zauna shiru har tsuntsun ya zo da kansa.

Wajibi ne kuma a kiyaye haƙƙin halitta: kada a taɓa sheƙa, kada a kori uwa daga kan ƙwai saboda hoto. Hoton da ya fito tar hujja ce, domin da shi masana, irin na cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos, suke rarrabe jinsi daga jinsi, kuma da shi malamin gona zai tabbatar ko buwa ce ta sauka a gona ko wani tsuntsu ne da bai ci wa manomi komai ba.