Barcin Kwamfuta da Ciwon Kan Mai Situdiyo: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Kwamfuta tana barci, kuma barcin nata hawa-hawa ne. A watan Disamba na 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda ta jera matakan daga S0 zuwa S5. S0 ido biyu ke nan, ana aiki. S5 an kashe. A tsakani akwai gyangyaɗi, akwai S3 da aka fi sani, wanda za ka rufe murfin laftof ta yi tsit amma aikinka yana nan a ƙwaƙwalwarta, sai S4, dogon suma, inda take kwashe komai ta zuba a rumbun ajiya sannan ta mutu, ko an zare batir ba ta manta inda ta tsaya. Mai buga wa ɗalibai takardu a bakin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ba ruwansa da wannan lissafi, ya taɓa maɓalli ta farka ya ci gaba. Wanda abin ya dama shi ne mai ɗan situdiyo, mai ɗaukar waƙar biki da tallan maganin gargajiya, da waƙar 'yan siyasa idan kakarsu ta zo.

Ko cikin barcin ma ba hutu take yi ba. Ƙwaƙwalwar nan da ake kira RAM mantuwa gare ta, cajin da ke riƙe da bayani yoyo yake yi, dole a riƙa sabunta shi fiye da sau 15 a kowace daƙiƙa. Shi ya sa laftof ɗin da aka bari tana barci kwana biyu ake tarar da batirinta ya tafi.

Rigimar tana farawa ne daga wayar USB. Akwatin sautin da ake jona wa makirfo, irin jajayen nan na Focusrite ko na Behringer da suka cika shaguna, daga kwamfuta yake shan wuta, daga gare ta kuma yake karɓar umarni. Ƙa'idar USB ta ce duk na'urar da ta ji shiru daga kwamfuta na tsawon milisakan 3, wato kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa, to ta kwanta. Idan ta kwanta kuma, abin da aka yarda ta sha bai wuce miliamfa 2.5 ba, alhali a farke tana iya shan 500. Kashi ɗaya cikin 200 ke nan. Wannan ya ishi linzamin kwamfuta, amma bai ishi akwatin da ke ciyar da makirfo da agogon sauti da abin kunne ba. Sai ya mutu murus. Kwamfuta ta farka, manhajar ɗaukar sauti tana nan tana jiran akwatin da ta sani, shi kuwa ya dawo a matsayin baƙo, ko ma bai dawo ba.

Abin da ake gani a shago kuwa bai wuce wannan ba: an fita sallar La'asar, an dawo, mawaƙi ya sa abin kunne ya gyara murya, ya rera baiti guda, layin da ke kan allo bai motsa ba.

"Oga, mi ya faru? Ban jin kaina."

"Yi haƙuri ƙanena, kwana ta yi. Bari in zare in mayar."

A zare waya, a mayar, a rufe manhajar FL Studio a sake buɗewa. Wani lokaci ƙarar ta dawo amma da karkarwa, wani lokaci murya ta fito siririya ko ta yi kauri, saboda kwamfuta ta farka tana lissafin ɗanɗana murya sau 44,100 a daƙiƙa, shi kuwa akwati yana kan 48,000.

Wutar da makirfon situdiyo ke sha bolt 48 ce, kuma dalilin wannan adadi yana Nowe. A 1966 kamfanin Neumann na Jamus ya kai sababbin makirfofinsa gidan rediyon ƙasar, NRK, a birnin Oslo. Injiniyoyin wurin ba sa son tarin ƙananan akwatunan wuta, ga shi kuma ginin yana da layin bolt 48 da aka ja domin fitilun ko-ta-kwana. Aka ce to a yi amfani da shi. Yau duk ƙaramin maɓallin da aka rubuta wa 48V, daga Landan har Shinkafi, jikan fitilun Oslo ne.

Me ya sa sauti ya fi rubutu da hoto tsautsayi? Saboda ba ya jira. Kwamfuta tana ɗanɗana murya sau 48,000 a daƙiƙa ɗaya, tana miƙa ta ƙunshi-ƙunshi. Idan an saita ƙunshin a kan 128, kowane ɗaya dole ya iso cikin ƙasa da milisakan 3. Ƙiftawar ido guda ta ishi a miƙa fiye da 30. Abin ya yi kama da ranar zuba dakin, inda leburori ke jere suna miƙa kwanon kankare hannu da hannu: mutum ɗaya ya tsaya sosa ƙeya, gurbin ya fito a saman gini. A sauti gurbin shi ne "ƙas" ɗin nan da ke shiga tsakiyar baiti, wanda ba ya gogewa sai an sake ɗauka. Abin haushin shi ne, ko kwamfutar tana farke, injin lissafinta yakan saci gyangyaɗi na ɗan ƙanƙanin lokaci tsakanin aiki da aiki don rage shan wuta, kuma farkawar da yake yi a makare tana iya jawo wannan "ƙas". Don haka Avid masu Pro Tools da Steinberg masu Cubase da Focusrite kansu duk shawararsu ɗaya ce a takardun saiti: a hana kwamfutar situdiyo barci, a hana ta kashe kafofin USB, a sa ta a tsarin wuta mafi ƙarfi. Wato masu ƙera kayan ba su yi alkawarin jure barcin ba, cewa suka yi a daina shi. A ganina wannan ragwanci ne da aka yi wa ado, domin akwai kamfanonin da akwatunansu ke farkawa lafiya lau, abin da ya nuna ba gagara aikin ya yi ba.

Ga wata da mutane da yawa ba su sani ba. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, danna Shut down ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya. Tana rufe manhajojinka, amma zuciyar tsarin da direbobin na'urori adana su take yi yadda suke, don gobe ta tashi da wuri. Idan direban akwatin sauti ya rikice yau, da rikicinsa zai kwana ya tashi. Restart ne ke wanke komai. Wanda ke son kashewa ta gaskiya sai ya danne Shift yayin da yake danna Shut down.

Sababbin laftof da yawa ma sun bar S3. Sun koma wani barcin zomo da Microsoft ke kira Modern Standby, wanda allo ke mutuwa amma ciki yana nan yana leƙen saƙonni. Mai kayan sauti ya rufe murfi ya cusa ta a jaka, ya hau mota daga Zurmi zuwa Ƙaura a watan Afrilu, ya isa wurin biki ya tarar da ita zafi zau, batir saura kaɗan. Apple ma a takardarta ta ce iyakar zafin wurin da ya dace laftof ɗinta ta yi aiki shi ne digiri 35. A bazarar Zamfara inuwa kanta tana haura 40.

Fiyano ma yana barci. Da yawa daga cikin Yamaha PSR da mawaƙan Arewa ke ji da su suna kashe kansu idan aka yi minti 30 ba a taɓa su ba, kuma saitin da ba a adana ba yana iya tafiya da shi. Asalin wannan ɗabi'a dokokin tsimin wuta ne na Tarayyar Turai, musamman ta 2008, wadda ta taƙaita abin da na'ura za ta sha tana zaman jira zuwa wat 1 daga 2010, sannan rabin wat daga 2013. Kamfani ba zai ƙera na Turai daban na Najeriya daban ba, sai kowa ya gaji dokar. Mai fiyano a wurin kamu ya jira a gama jawabin uwar ango, a ce ya saki kiɗa, ya ɗora yatsu ya ji shiru. A nau'o'i da yawa maganin yana da sauƙi: a danne maɓallin kiɗa na ƙarshen hagu yayin kunnawa, barcin ya ɗauke.

Wasu sifikun zamani kuma kan kwanta idan sun ji shiru, sai ƙara ta zo su farka a makare su haɗiye farkon magana. Mai sanarwa ya ce "Assalamu alaikum", jama'a su ji "lamu alaikum". Har manhajoji aka rubuta waɗanda ba su da aiki sai tura wa sifika wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya kamawa, don dai kada ta runtsa.

A nan gida akwai wata sarƙaƙiya da ba a rubuta a takardar kowane kamfani ba. Wutar layi, wadda Kaduna Electric ke rabawa a Zamfara da Sakkwato da Kabi da Kaduna amma har gobe NEPA ake ce mata, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawa kan kutsa cikin waya ta zama gurnani a ƙarƙashin murya. Janareto ya fi muni, ga gurnanin waya ga na inji. Dabarar da masu situdiyo suka gano ita ce a zare cajar laftof lokacin ɗauka, nan take gurnanin ya ragu ko ya ɓace. To amma da zarar an zare caja, kwamfuta ta san a kan batir take, sai ta shiga tsimi: ta rage gudu, ta matso da lokacin barci. An gudu daga gurnani an faɗa wa "ƙas". Wanda ya san kan abin yakan shiga saiti ya gyara ɓangaren batir daban, domin Windows layi biyu take ajiyewa, na caja da na batir, kuma yawanci na cajar kawai ake tunawa.

Shi wannan gurnani yana da amfani a wani wuri. Kaɗawar wutar ƙasa ba ta tsayawa cak a kan 50, tana ɗan hawa tana sauka, kuma salon hawa da saukar ba ya maimaituwa. 'Yan sandan Landan sun fara adana shi tun 2005, suna gwada shi da gurnanin da ke cikin faifan da aka kawo shaida, su gane ranar da aka ɗauka da ko an yanke wani wuri.

Masu ɗaukar tafsirin azumi kuma su kula da wata matsala daban. Fayil ɗin WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, yana ɗauke da tsawonsa a rubuce a goshinsa, kuma manhajoji da yawa sai an danna tsayawa suke cike wurin. Idan kwamfuta ta mutu kafin nan, karatun yana nan a rumbu amma fayil ɗin zai nuna babu komai. Kada a goge shi, ana iya ceto shi. Kuma ko ba a ɗauke wuta ba, WAV na asali ba ya wuce gigabait 4, wanda a ingancin situdiyo mai kunne biyu sa'a 4 ne da 'yan mintuna.

Zamanin da ake ɗaukar makaɗa irin su Kassu Zurmi a kaset, rakoda ba ta san barci ba, gajiya ta sani. Batir ya yi sanyi, zaren kaset ya riƙa tafiya a hankali yayin ɗauka, in an zo saurare da sabon batir sai kiɗa ya ruga da gudu, muryar dattijo ta koma ta yaro.

A farkon Satumba na 2021 aka rufe layukan waya da intanet a Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma ƙananan hukumomi sun yi makonni da dama a haka. Wasu manhajojin sauti masu lasisi ba sa buɗewa sai sun gaisa da kamfaninsu ta intanet. Irin waɗannan, a Shinkafi ko Zurmi a lokacin, kwamfuta na iya farkawa garau su kuwa su ƙi tashi, ko da mai su ya biya kuɗinsa cif.

Masu kwamfutar Apple suna da umarnin hana barci da ake kira caffeinate, daga sunan sinadarin nan na goro da gahawa. Akwai kuma wata manhaja mai suna Amphetamine, wadda Apple ta yi barazanar cirewa daga kasuwarta a ƙarshen 2020 saboda sunan ƙwaya ne, daga baya ta janye. Tsofaffin laftof ɗin kamfanin kuwa suna da wata 'yar farar fitila mai haske da dushewa idan suna barci, an saita ta daidai da numfashin mutum mai hutawa, kusan sau 12 a minti, har rajistar mallaka suka yi mata.

Rashin barcin ma yana da nasa sharrin. A 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa jirgin Boeing 787 da aka bari a kunne kwana 248 a jere zai iya rasa wutar janaretocinsa gaba ɗaya, ko a sararin sama yake, saboda wani ma'aunin lokaci da ke cika ya tumbatsa. Maganin wucin gadi da aka bayar shi ne a riƙa kashe jirgin ana kunnawa. Windows 95 da 98 ma suna da irin wannan cuta, suna sandarewa bayan kwana 49.7 a kunne, kuma sai a 1999 Microsoft ta sanar da ita, don da wuya a sami wadda ta kai wannan kwanaki ba ta faɗi da wani dalilin ba. Da a Ƙauran Namoda aka bar gwajin a kan wutar NEPA, da har yau ba a gano ta ba.