Ƙara Daban, Murya Daban: Aikin Firi'amf a Na'urar Sauti

Duk wanda ya taɓa zama a Tsamaye ko Sabon Birni ya san wannan. Ana sanarwar jana'iza ko cigiyar yaro ta lasifikar masallaci, ƙara ta cika gari, amma sai ka juya ka tambayi na kusa da kai: "Wai me ya ce?" Mutane kan ɗora wa lasifika laifi, alhali sau da yawa muryar ta lalace tun kafin ta iso gare ta.

Makirfo irin na hannu yana fitar da wuta 'yar mitsitsiya, milibolt kaɗan. Babban amfilifaya kuwa yana bukatar kusan bolt 1 kafin ya yi aiki sosai. Wanda ke cike wannan giɓi shi ne firi'amf, ƙaramin amfilifaya na matakin farko, mai ninka siginar sau 100 zuwa 1,000. Duk dattin da ya shiga a nan, babban amfilifaya zai ƙara shi tare da muryar. Ba ya tacewa.

To, ɗalibin da zai haɗa firi'amf a furojet ɗinsa, me zai kiyaye?

Na farko, tsaftar shiga. Gurnanin nan da kuke ji a ƙarƙashin magana, wutar NEPA ce mai 50Hz ke kutsowa. Nisanta taransifoma daga wayar makirfo, yi amfani da waya mai sulke da filogin XLR, sannan ka tara wayoyin ƙasa a wuri guda.

Na biyu, ninki daidai gwargwado. Guntu irin NE5532 ko TL072 ya isa. Rizista biyu ke yanke ninkin: 100k da 1k za su ba ka sau 101. Dabarar ita ce mayar da wani ɓangare na fitarwa zuwa shiga domin na'ura ta riƙa gyara kuskurenta. Harold Black ya gano ta a Amurka a 1927, kuma har yau a kanta ake tafiya.

Na uku, barin sarari. Idan batir mai bolt 12 kake amfani da shi, sigina ba za ta wuce kusan bolt 4 sama ko ƙasa ba. Ta nemi wucewa, sai a aske mata kai, murya ta koma kamar ana yaga buhu. Ka tuna da kotso, irin wanda Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗa da shi: bugu ɗaya kan zarce muryar mawaƙi nesa ba kusa ba. Firi'amf ɗin da aka saita shi a kan magana kawai, da makaɗi ya buga zai shaƙe.

Na huɗu, kada ka yanke sauti. Kunnen matashi yana ji daga 20Hz zuwa wajen 20,000Hz. Kafasita mai 0.1µF a gaban rizista 10k tana fara rage duk abin da ke ƙasa da 160Hz, wato kaurin muryar namiji. Sa mai 1µF, iyakar ta sauka zuwa 16Hz. Can sama kuma, idan sauti ya dushe, baƙaƙe ne ke tafiya, har "tsaya" da "saya" su nemi zama abu ɗaya a kunne.

Gwajin ƙarshe ba ya bukatar kuɗi. Bayan ka duba siginar a osiloskof, kira abokin ɗakinka ya yi magana a makirfo, kai kuma ka juya baya. In ka ji shi kamar yana tsaye kusa da kai, aiki ya yi. In kuwa na'ura ka ji ba mutum ba, malam, ɗauki kayan aikinka ka koma kan allo. Idan hutu ya zo, masallacin unguwarku na jiran wannan ilimi.