Mawaƙan Bishara Na Ƙauyukan Abuja: Ofis Da Rana, Jita Da Dare

Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan da ta tashi daga Asokoro ta nufi Keffi da yammacin ranar Juma'a, ya san irin cunkoson motocin da a kan yi tun daga gangaren Nyanya har Mararaba. A cikin dubban ma'aikatan da ke komawa gida a gajiye, ba a rasa wani saurayi ko magidanci a matse cikin bas, ya rungume jita a jakar yadi, yana ta duban agogo. Shi wannan bai tashi aiki ba tukuna. Wanda ya baro a ofis shi ne na neman abinci, wanda ya nufa kuwa shi ya ke kira aikin Ubangiji, watau zai je wata ƙaramar majami'a ne ya rera waƙoƙin da shi da kansa ya tsara, a taron addu'ar dare wanda ba a tashi sai asuba.

Irin waɗannan mawaƙa suna da yawa a kewayen babban birnin Tarayya, ko da ya ke ba a jin sunayensu a rediyo. Akwai malaman makaranta a cikinsu, da akawuna na Sakatariyar Tarayya, da ma'aikatan jinya, da teloli, da direbobi, har da masu gadi. Galibinsu daga kudancin Jihar Kaduna su ke, da Filato, da Nasarawa, da Adamawa, da ƙasar Tangale ta Jihar Gombe, da kudancin Barno, da Zuru, ban da Gwarawa waɗanda su ne a ka tarar a wurin sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zaɓi Abuja a 1976. Kowannensu yana da harshen da ya tsotsa a nono, amma in an zo sujada, Hausa ce ta ke haɗa su, kuma da ita su ke waƙa.

Wannan kuwa ba jiya a ka fara ba. Tun a 1932 a ka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ke cikin waɗanda su ka sha wahalarsa. Da shi da Littafin Waƙoƙi a ka yi renon ikilisiyoyin Arewa, irin su ECWA wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1954, da COCIN, da EYN, da HEKAN. Sa'an nan a farkon shekarun 1960 a ka kafa Sabon Rai Don Kowa, inda ƙungiyoyi su ka riƙa shiga ƙauyuka suna wa'azi da waƙa. Uwa uba kuma Zumuntar Mata, waɗanda da tulu da ganga da kacau-kacau su ka fitar da waƙar coci daga amon Turawan mishan, su ka mayar da ita tamu ta gida. Da wuya a sami mawaƙin bishara na Arewa wanda bai fara jin kiɗa yana goye a bayan uwarsa a taron Zumuntar Mata ba. Da gwamnati ta ƙaura daga Ikko a ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikata da magina da 'yan ƙwadago su ka kwararo, kowa da cocinsa a ka.

To, amma Abuja biyu ce, mai karatu ya sani. Akwai ta kan hanyar filin jirgin sama, inda cocin Dunamis ya buɗe katafaren ɗakin taronsa na Glory Dome a watan Nuwamba 2018, wanda a ka gina don ɗaukar mutum 100,000. Akwai kuma ta Mpape da Kubwa da Lugbe da Karu da Dutsen Alhaji, inda majami'a ta kan zama ɗaki ɗaya mai rufin kwano, ko ajin makaranta da a ka ara ran Lahadi, da kujerun roba kamar sittin, da lasifika guda mai kwarmato. A wannan ta biyun ne mawaƙin da mu ke magana a kansa ya ke yawo. Ya san sunayen waɗanda su ka tsallake: Panam Percy Paul na Jos, wanda tsofaffi da yara su ka haddace faya-fayensa na Bring Down the Glory, da Jeremiah Gyang wanda ya girgiza ƙasa da Na Ba Ka wajen tsakiyar shekarun 2000, da Solomon Lange wanda ya kai waƙar Hausa majami'un Ikko da Fatakwal, inda a ke rera ta ba a san ma'anar kalmomin ba. Su ne madubinsa. Amma kowane ɗaya da ya fita, akwai tarin waɗanda su ka tsufa a bayan makirufo na aro.

Makon irin wannan mutum a cike ya ke taf. Daga Litinin zuwa Juma'a ya kan fita tun duhun asuba don ya riga cunkoso. Talata ko Alhamis da dare akwai gwajin waƙa da ƙungiyar mawaƙan cocinsu, domin fasto ba zai yarda ya riƙa yawon wasu majami'u ya bar tasa ba. Juma'a addu'ar dare. Asabar ɗaurin aure, ko jana'iza, ko taron Zumuntar Matasa. Lahadi sujada biyu, wani lokaci uku. Waƙa kuwa a cikin mota ta ke zo masa, sai ya sunkuyar da kai ya raɗa wa wayarsa amon don kada ya manta kafin ya sauka. Da yawa daga cikinsu ba su iya karanta rubutun kiɗa ba, da kunne su ka koya, kuma da kunne su ke koya wa na baya.

In an gama taro, abin da ya kan biyo baya kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wani dattijon ikilisiya zai ja shi gefe ya danƙa masa ambulan, ya ce masa ga kuɗin mota, ɗan'uwa, Ubangiji ya sa albarka. Ba a buɗe ambulan a gaban mai bayarwa, wannan rashin kunya ne. Sai ya kai bakin titi ya duba. Wata rana ya tarar da abin da zai kai shi gida har ya yi saura, wata rana kuwa abin da ke ciki ba zai ishi shi da mai buga masa ganga ba, sai ya cika daga aljihunsa. Wata ranar ma albarkar ce kawai, da shinkafa a leda. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a Abuja. Kuɗin mota ya bi ta, kuɗin man janareta ya bi ta, amma ambulan bai yi ƙiba ba, gama masu ba da baiko su ma albashi su ke jira.

A nan ne mawaƙin bishara ya bambanta da sauran mawaƙan ƙasar Hausa. Marigayi Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos, in sun wasa mutum a fili, a nan take ya kan tashi ya yi kyauta, riga ko kuɗi ko mota, kuma ba wanda zai ga laifinsu don sun karɓa, sana'a ce da a ka san ta. Shi kuwa wannan, wanda ya ke wasawa ba ya zaune a kujerar gaba da jakar kuɗi. In ya buɗe baki ya faɗi farashi, sai a ce ya mayar da baiwar Allah kasuwa. In ya yi shiru, mai situdiyo ba ya karɓar albarka a madadin Naira.

Wannan gardama ta fito fili a watan Maris 2025, sa'ad da wani mai wa'azi, Femi Lazarus, ya soki mawaƙan da ke yanka wa majami'u kuɗi, har ya nuna takardar wani da ya nemi Dala 10,000. Mawaƙi Timi Dakolo ya mayar masa da martani cewa waƙa tana cin kuɗi, kuma mawaƙa su ma suna da iyali da kuɗin haya. A ka yi makonni a na ta cece-kuce, kowane ɓangare da ayoyin da ya dogara a kansu. Ga na Mararaba da Masaka, abin ya yi kama da gardamar masu doki a kunnen mai tafiya a ƙasa. Ba Dala ya ke nema ba. Da ma a ce dattawa za su tuna cewa bai zo shi kaɗai ba, kuma ƙarfe huɗu na asuba ba a samun mota sai ta shata.

Babban burin kowannensu shi ne ya fitar da faifai. Ya kan shekara yana tarawa, ko ya shiga adashi a ofis, kafin ya iya biyan wani ƙaramin situdiyo a Karu ko Kubwa, ko ya hau mota zuwa Jos inda ƙwararru su ka fi yawa. In an gama sai a sa ranar ƙaddamarwa. A buga kati, a nemo babban mai ƙaddamarwa, da uban taro, da uwar taro, a ɗauki hayar kujeru da rumfa. Ranar kuwa za a ji manyan baƙi suna ta alkawari a lasifika, jama'a na tafi. Bayan wata uku a kan ga mawaƙin yana bin ofisoshi da takardar sunaye a hannu, sakatarori suna ce masa Oga ya yi tafiya. A zamanin kaset da faifan CD, aƙalla ya kan ɗora kwali a ƙofar coci ya sayar da 'yan guda ashirin bayan sujada. Yanzu wannan kasuwa ta mutu. Mutum ɗaya ya samu waƙar a wayarsa, kafin Lahadi mai zuwa duk ikilisiya ta samu, kyauta. An ce masa ya sa a YouTube da Audiomack da Boomplay, ya kuwa sa, amma YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000, waƙar da 'yan cocinsu da danginsa na ƙauye su ka kalla kuwa ba ta kai nan ba.

Akwai kuma wani ciwon da ya fi na kuɗi. Waƙa mai daɗi ƙafa gare ta. Ya rera ta a Nyanya, wata mata ta ɗauka ta kai taron Zumuntar Mata a Kafanchan, daga can ta wuce Langtang, bayan shekara biyu ta dawo masa a bakin wani mai babban situdiyo, an ƙara mata kayan kiɗa, an cire sunansa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da a ka sa wa hannu a 2023 ta ba shi ikon ya nemi haƙƙinsa, kuma hedkwatar hukumar da ke kula da wannan tana nan Abuja. Amma ina kuɗin lauya? Kuma wane ido za a dube shi da shi in ya kai ɗan'uwa a cikin bangaskiya kotu a kan waƙar yabon Allah? Yawancinsu haɗiyewa su ke yi. Wasu ma, gaskiya, har daɗi su kan ji, su ce ai saƙon ya isa.

Ga wanda ya iya jita ko piyano sosai, akwai wata ƙofa a buɗe, watau lambunan shaƙatawa na Garki da Wuse da Gwarinpa, inda a ke gasa kifi a na shan giya, makaɗa na yi har tsakar dare, kuma a can a hannu a ke biya. Wasu su kan bi ta a ɓoye ranar Alhamis, su fito gaban bagade ranar Lahadi. In labari ya kai kunnen dattawa, horo ne, a ɗora mutum a kujerar baya na wasu watanni ba zai taɓa makirufo ba. Dattawan suna da hujjarsu. Sai dai da wuya a ji an tambayi wanda a ka hora nawa ne kuɗin makarantar 'ya'yansa.

A gida ma ba a rasa magana. Matar da ta ga miji ya ɗebi rabin albashin Disamba ya kai situdiyo, ga Kirsimeti ya ƙarato, ga tafiya ƙauye, dole ta yi ƙorafi. Mata mawaƙa kuwa nasu ya fi wuya, domin da yawa da zarar sun yi aure sai yawon dare ya ƙare, muryar ta koma cikin ƙungiya. Ga kuma fargaba. Tun bayan bam ɗin da ya tashi a cocin St. Theresa na Madalla ranar Kirsimetin 2011, da na tashar motar Nyanya a ranar 14 ga Afrilu 2014, majami'u da dama su ka sa masu bincike a ƙofa, mai jita sai ya buɗe jakarsa kafin ya shiga. A 'yan shekarun nan kuma satar mutane a yankunan Bwari da Kuje ta sa wasu ikilisiyoyin bayan gari sun mayar da addu'ar dare ta koma ta yamma.

Duk da haka ba su bari ba, kuma wanda ya ke son sanin dalili sai ya je sansanonin 'yan gudun hijira na Durumi ko Kuchingoro, inda mutanen Gwoza da kewaye su ka fake bayan Boko Haram ta kore su a 2014. A can ba ambulan, ba lasifika wani lokaci. Mawaƙi ya kan tsaya a ƙarƙashin tanti da jitarsa, ya ɗauko waƙa da Hausa a kan Ayuba, ko a kan Isra'ilawa a ƙasar bauta, ya saka sunayen garuruwan da a ka ƙone a ciki. Sai ka ga tsohuwa da ta yi shekaru ba ta ga gonarta ba ta miƙe tana amshi. Manyan mawaƙa na zuwa irin wannan wuri sau ɗaya a shekara da masu ɗaukar hoto. Na kusa shi a ke kira in an yi rasuwa ranar Laraba.

Ran Litinin da ƙarfe biyar na asuba ya na bakin titin Mararaba tare da sauran ma'aikata, muryarsa a dishe, rigar ofis a goge. Jitar ta na rataye a bayan ƙofa sai Alhamis.