Riƙon Ƙwarya: Sau Uku Kujerar Gwamnan Adamawa Tana Shiga Hannun Aro

Tsakanin fadar Lamiɗon Adamawa da ke cikin garin Yola da Gidan Gwamnati da ke Dougirei a Jimeta tafiya ce ta 'yan mintoci a mota, amma kujerun da ke gidajen biyu ba halinsu ɗaya ba. A fada, marigayi Lamiɗo Aliyu Musdafa ya shekara 57 a kan gado, daga 1953 har rasuwarsa a 2010, sannan ɗansa Muhammadu Barkindo ya gaje shi. A Dougirei kuwa, daga Fabrairun 2008 zuwa Oktoban 2014, sau uku kujerar gwamna tana komawa hannun wanda ba a zaɓe shi dominta ba, aka ce ya riƙe kafin mai ita ya bayyana.

Hausawa suna kiran irin wannan zama riƙon ƙwarya, kuma sunan ya dace. Wanda aka miƙa wa ƙwarya ya riƙe, ana sa ran kada ya zubar, kada ya kurɓa, ya kuma mayar idan mai ita ya miƙo hannu. Ma'aikacin da ya taɓa aiki a ƙarƙashin muƙaddashin babban sakatare ko muƙaddashin shugaban hukuma ya san cewa na ukun nan shi ne mai wuya.

Amana tun daga tushe

Mulki a madadin wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1809 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a zamanin da ake gwagwarmayar gyaran addini, aka ɗora masa jagorancin yankin kudu, wato Fombina. Ikonsa daga tutar ya samo asali, tutar kuwa ta Shehu ce. Ya zauna a Gurin, ya yi ƙaura daga baya, har ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Ƙasar da ya riƙe da sunan wani ita ce yau ke amsa sunansa.

A jamhuriya ta huɗu ma, Adamawa da rikicin gado ta buɗe. Atiku Abubakar ya lashe zaɓen gwamna a farkon 1999, amma kafin a rantsar da shi sai aka ɗauke shi mataimakin ɗan takarar shugaban ƙasa. Sai da magana ta kai Kotun Ƙoli kafin a tabbatar cewa abokin takararsa, Boni Haruna, shi zai hau kujerar.

Riƙo biyu da aka mayar lafiya

Sashe na 191 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa idan kujerar gwamna da ta mataimakinsa suka kasance babu kowa a lokaci guda, kakakin majalisar dokokin jiha zai riƙe mulki na tsawon da bai wuce wata uku ba, a gudanar da zaɓe a cikin wa'adin.

An fara ganin aikin wannan tsari a Yola ranar 26 ga Fabrairu, 2008, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da soke zaɓen Murtala Nyako na 2007, saboda an cire ɗan takarar jam'iyyar AC, Ibrahim Bapetel, daga zaɓen ba bisa ƙa'ida ba. Kakakin majalisa James Barka ya zama muƙaddashin gwamna. Ya riƙe wata biyu, aka sake zaɓe a ƙarshen Afrilu, Nyako ya dawo, Barka ya koma majalisa.

Karo na biyu ya fi gajarta. Ranar 27 ga Janairu, 2012, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa wa'adin gwamnoni biyar ya ƙare tun watan Mayun 2011: na Adamawa, Bayelsa, Kuros Riba, Kogi da Sakkwato. Kakakin majalisar Adamawa na lokacin, Ahmadu Umaru Fintiri, ya karɓi riƙo. An yi zaɓe ranar 4 ga Fabrairu, Nyako ya sake yin nasara, cikin ƙasa da mako biyu ƙwarya ta koma ga mai ita.

A waɗannan lokuta biyu mai riƙo bai shiga takara ba, kuma kowa ya san ranar da zai sauka. Shi ya sa ba a cika tunawa da su ba.

Wasiƙar da ta ɓata adireshi

Karo na uku ne ya bar tarihi. Nyako yana cikin gwamnonin da suka bar PDP zuwa APC a Nuwamban 2013, alhali majalisar jiharsa ta ci gaba da zama a hannun PDP. Ranar 15 ga Yuli, 2014, majalisar ta tsige shi. A ranar ce kuma aka karanta wasiƙar murabus ta mataimakinsa, Bala James Ngilari. Kujeru biyu suka zama babu kowa, Fintiri ya sake zama muƙaddashin gwamna, hukumar zaɓe ta sa 11 ga Oktoba domin zaɓen cike gurbi.

A wannan karon mai riƙon ƙwarya ya nemi ƙwaryar. Fintiri ya shiga zaɓen fid da gwani na PDP a watan Satumba, ya kuma samu tikiti. Ngilari kuwa ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, yana cewa murabus ɗinsa bai inganta ba. Hujjarsa ba ta da tsawo: sashe na 306 ya ce gwamna zai aika takardar murabus ga kakakin majalisa, mataimakin gwamna kuwa ga gwamna zai aika. Tasa wasiƙar ga kakaki aka rubuta ta.

Ranar 8 ga Oktoba, saura kwana uku a kaɗa ƙuri'a, Mai shari'a Adeniyi Ademola ya amince da wannan hujja, ya ba da umarnin a rantsar da Ngilari a matsayin gwamna, zaɓen cike gurbi kuma ya faɗi. Layi ɗaya a saman takarda, wanda ƙaramin magatakarda zai iya gyarawa cikin minti guda, shi ya sauya wanda zai mulki jiha har zuwa 29 ga Mayu, 2015. Daga baya, a 2016, kotuna suka ce tsige Nyako kansa bai bi ƙa'ida ba, amma ba a mayar da shi ba, domin wa'adinsa ya riga ya wuce.

Abin da ya sa wannan labari ya wuce na lauyoyi shi ne abin da ke faruwa a arewacin jihar a daidai watannin. Adamawa tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun Mayun 2013. A Satumban 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Gulak da Michika, a ƙarshen Oktoba kuma Mubi, gari na biyu mafi girma a jihar, ya faɗa hannunsu. Jama'a suka yi ta kwarara zuwa Yola da Jimeta, wasu a sansanoni, mafi yawa a gidajen 'yan'uwa da masallatai da majami'u. Cikin wata uku jihar ta ga mutum uku a kan kujera ɗaya, a lokacin da ta fi bukatar hannu ɗaya tsayayye. Babu mai cewa rikicin Dougirei ne ya kawo faɗuwar garuruwan nan, domin tsaro a hannun gwamnatin tarayya yake. Amma wanda ya baro gidansa da ƙafa yana bukatar ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Makwabciya Taraba ma ta ɗanɗana nata, kuma daga Yola abin ya faro. Ranar 25 ga Oktoba, 2012, ƙaramin jirgin da Gwamna Danbaba Suntai ke tuƙawa ya faɗi a kusa da Yola. Mataimakinsa Garba Umar ya riƙe mulki kusan shekara biyu cikin taƙaddama, har Kotun Ƙoli ta dawo da tsohon mataimakin gwamna Sani Abubakar Danladi a Nuwamban 2014.

Inda bindiga ta yi aikin kotu

Domin a san darajar abin da kotu ta yi a 2014, yana da kyau a duba ƙasar da ta shiga irin wannan hali ba tare da sashe na 191 ba. A ƙarni na 16 ƙasar Sikotlan, da ke arewacin Ingila, tana cikin guguwar sauyin addini. A 1560 majalisarta ta yanke hulɗa da Fafaroma ta rungumi aƙidar Furotesta, alhali sarauniyarta, Mary, 'yar Katolika ce. Cikin jagororin masu sauyin akwai wanta da suke uba ɗaya, James Stewart, wanda aka fi sani da sarautarsa ta Moray. Ɗan Sarki James na Biyar ne, amma da yake ba ta hanyar aure aka haife shi ba, ba shi da gadon sarauta.

A Yulin 1567 manyan ƙasa suka tilasta wa Mary ta sauka, aka naɗa ɗanta James na Shida, jariri ɗan wata 13. A watan Agusta aka ɗora wa Moray riƙon ƙasa a madadin yaron. A ƙarƙashinsa majalisa ta tabbatar da dokokin addini na 1560. Da Mary ta tsere daga inda ake tsare da ita ta tara mayaƙa, shi ya karya su a Langside a Mayun 1568, ta gudu Ingila, inda ba ta sake samun 'yanci ba. Magoya bayansa suna kiransa mai riƙo nagari. Magoya bayan ƙanwarsa kuwa maci amana suka ɗauke shi, wanda ya kori jininsa domin ya yi mulki da sunan jariri.

Ranar 23 ga Janairu, 1570, yana ratsa garin Linlithgow a kan doki, wani mai suna James Hamilton ya harbe shi daga wani gida. Masana tarihi da dama suna lissafa wannan a matsayin karon farko da aka kashe shugaban gwamnati da bindiga. Waɗanda suka biyo bayansa ba su fi shi sa'a ba. An harbe Lennox, kakan yaron, a 1571. Mar ya rasu a 1572 bayan shekara guda. Morton ya fi daɗewa, ya riƙe har 1578, amma a 1581 aka fille masa kai. Masu riƙo huɗu, uku daga cikinsu kashe su aka yi. Yaron da suka riƙe wa kujera ya girma ya mulki Sikotlan, a 1603 ya haɗa da Ingila.

Moray da Modibbo Adama sun yi tarayya a abu ɗaya, kowannensu ya riƙe iko da sunan wani a zamanin gyaran addini. Bambancin shi ne ikon Modibbo daga hannun mai tuta ya fito, da yardarsa, na Moray kuwa daga sa hannun da aka karɓa da tilas. Duk iya mulkin da ya nuna bai wanke masa wannan tabo ba.

Abin da ya rage ga na kusa da kujera

Abuja ta san wannan darasi da kanta. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya ranar 23 ga Nuwamba, 2009, ba tare da aika wa majalisa takardar miƙa mulki ba, ƙasa ta zauna cikin ruɗani har 9 ga Fabrairu, 2010, lokacin da majalisar tarayya ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa. Wannan ne ya jawo gyaran sassa na 145 da 190, aka sa wa'adin kwana 21 ga shugaba ko gwamnan da ya tafi bai bar takarda ba. A Agustan 2018 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashi, ya sallami shugaban hukumar DSS, Lawal Daura, abin da ya nuna cewa sa hannun mai riƙo cikakken sa hannu ne. Ibrahim Magu kuwa ya shugabanci EFCC daga 2015 zuwa 2020 yana muƙaddashi, bayan majalisar dattawa ta ƙi tabbatar da shi har sau biyu.

A duk irin waɗannan lokuta, wanda ke tsaka mai wuya shi ne ma'aikaci da hadimi. Fayil yana kan tebur, mai riƙo yana son a gaggauta, mutanen mai kujera suna kallo, kowane ɓangare yana auna biyayya. Hadimin siyasa yakan tafi tare da ubangidansa, amma ma'aikaci yana nan, kuma shi za a tambaya bayan shekaru wa ya ba da umarni, a wace takarda, da wane iko. Abin da Yola ta koyar a 2014 shi ne kada a raina adireshi, kwanan wata da sashen dokar da aka dogara da shi. Umarnin baki yana tafiya da mai shi, rubutacce ne ke tsayawa a gaban alƙali.

Ga mai riƙon kansa kuma, Bahaushe ya riga ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Fintiri ya bar Dougirei a Oktoban 2014 da umarnin kotu, ya jira shekara biyar, ya dawo a 2019 da ƙuri'ar jama'a, aka sake zaɓensa a 2023. Kujerar da wasiƙa ɗaya ta raba shi da ita yana muƙaddashi, ita ce ya zauna a kai wa'adi biyu bayan ya shigo ta ƙofar zaɓe. Moray bai samu irin wannan dama ba, domin a zamaninsa babu akwatin ƙuri'a, babu kuma alƙalin da ɓangarorin biyu za su saurara. An binne shi a majami'ar St Giles da ke Edinburgh, yaron da ya riƙe wa ƙasa yana ɗan shekara uku.