Tanadin Kwafin Ko-ta-kwana na Kwamfutar Kwaikwayo a Lokacin Ƙarancin Wurin Ajiya

1.0 Gabatarwa

Kwamfutar kwaikwayo ita ce kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin wata kwamfuta ta zahiri, ta riƙa aiki da nata tsarin sarrafawa, kamar Windows ko Linux, tamkar inji mai zaman kansa. Kamfanin IBM ya yi amfani da wannan dabara a manyan kwamfutocinsa tun cikin shekarun 1960. Daga baya VMware ya yaɗa ta a ƙananan kwamfutoci a 1999, sannan VirtualBox ta fito a 2007. Wannan babi zai yi bayanin yadda ake tanadar wa irin wannan kwamfuta kwafin ko-ta-kwana idan wurin ajiya ya yi kaɗan.

2.0 Tushen Matsalar

Faifan kwamfutar kwaikwayo babban fayil ne da ke zaune a kan faifan kwamfutar zahiri. VMware na amfani da nau'in VMDK, VirtualBox na amfani da VDI, Hyper-V na amfani da VHDX, QEMU kuma qcow2. Mu ƙaddara an ware wa wata kwamfuta faifai mai gigabayit 100, amma abin da ke cikinsa 40 ne kacal. Idan ana kwafe fayil ɗin ɗungurungum kullum, a mako guda za a cinye gigabayit 700, alhali mafi yawansa fanko ne da maimaici.

3.0 Matsayin Sinafshot

Masu koyo da yawa kan ɗauki sinafshot a matsayin kwafin ko-ta-kwana, wanda kuskure ne. Abin da sinafshot ke yi shi ne ya daskarar da faifan asali, ya buɗe sabon fayil da za a riƙa rubuta canje-canje a ciki. Ke nan ya dogara kacokan ga faifan asali; idan wancan ya lalace, shi ma ya tashi daga aiki. Bugu da ƙari, yana ƙara girma kullum, kuma haɗe shi da faifan asali kan buƙaci ƙarin wuri. Amfaninsa na ɗan lokaci ne, alal misali kafin a sabunta manhaja.

4.0 Hanyoyin Rage Girman Kwafi

(i) Tsuke faifai: Goge fayil a cikin kwamfutar kwaikwayo ba ya rage girman faifanta, domin ragowar bayanan na nan kwance. Sai an cike gurabun da sifiri, ta amfani da SDelete a Windows ko zerofree a Linux, sannan a umarci manhaja ta tsuke faifan. A misalinmu, 100 za ta sauko zuwa kusan 40.

(ii) Matse bayanai: Manhajoji irin su gzip da zstd suna matse rubutu sosai. Amma bidiyo da hotunan JPEG da faifan da aka kulle da lambar sirri ba su cika matsuwa ba.

(iii) Kwafin ƙari: A nan cikakken kwafi ɗaya ake yi, daga nan a riƙa ɗaukar abin da ya canza kawai. VMware ya shigo da tsarin bin diddigin gurabun da suka canza a 2009. Idan gigabayit 2 ke canzawa a kullum, kwafin mako zai zama 40 da 12, wato 52 maimakon 700. Illarsa ita ce kwafe-kwafen sarƙe suke da juna. Idan ɗaya ya lalace, na bayansa ba za su yi amfani ba. Don haka ake sabunta cikakken kwafi lokaci-lokaci.

(iv) Kauce wa maimaici: Manhajoji kamar BorgBackup da restic suna yanka bayanai gunduwa-gunduwa, su ajiye kowace gunduwa sau ɗaya tak. Wannan ya fi amfani idan kwamfutoci da dama suna da tsarin sarrafawa iri ɗaya.

(v) Ƙayyade adadi: A tsara yawan kwafin da za a riƙe, misali na kwana 7 da na mako 4, a goge sauran. Sai dai kada a goge tsoho sai an tabbatar sabo ya kammalu.

5.0 Inda Ake Ajiye Kwafi

Kwafin da ke kan faifai ɗaya da na asali ba shi da wata kariya, domin abin da ya ci wannan shi zai ci wancan. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce 3-2-1: kwafi uku har da na asali, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Idan faifan gida ya cika, ana iya tura bayanan kai-tsaye zuwa wata kwamfuta ta hanyar SSH, ana matsewa ana turawa, ba tare da an ajiye komai a gida ba. Ya kamata kuma a kashe kwamfutar kwaikwayo kafin a kwafe ta, ko a dakatar da rubutu a faifanta, don kada a ɗauki bayanai rabi da rabi.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa maganin ƙarancin wuri shi ne rage abin da ake kwafewa, tare da fitar da kwafin daga faifan asali. Wajibi ne kuma a riƙa gwada dawo da kwamfutar daga kwafin, domin ta haka kaɗai ake sanin yana aiki. Hausawa na cewa don gobe ake wanke tukunya.

Auna Fahimta

1. Me ya sa sinafshot ba zai maye gurbin kwafin ko-ta-kwana ba?
2. Kawo alfanu ɗaya da illa ɗaya na kwafin ƙari.