Jinin Mahaƙa Kwal Na Inugu: Me Muke Koya Wa 'Ya'yanmu?

Idan muka tara yaran makarantar Lahadi muka tambaye su wane ne ya haɗe kudu da arewa a 1914, da yawa za su ce Lugga. Amma idan muka tambaye su abin da ya faru a Kwarin Iva ran 18 ga Nuwamba, 1949, sai a yi tsit. Mu iyaye ma ba kowa ne zai iya ba da amsa ba.

Ga yadda abin ya kasance. An gano kwal a yankin Udi a 1909, kuma a 1916 jirgin ƙasa ya fara kai shi Fatakwal. Da wannan kwal na Inugu ne jiragen ƙasa suke tafiya, har da masu ɗaukar gyaɗar Kano da kuzar Jos. Ashe ke nan gumin waɗannan talakawa ya taɓa kowane gida a ƙasar nan.

A 1949 mahaƙan suka ce suna bin hukumar kwal bashin kuɗin aikinsu. Ƙungiyarsu, wadda Okwudili Ojiyi yake cikin shugabanninta, ta shiga jan ƙafa wajen aiki. Hukuma ta kori waɗansu, su kuwa suka zauna a bakin rami suka ƙi tashi, don kada a ɗauki waɗansu a gurbinsu. Turawan mulki suka tsorata cewa nakiyoyin fasa dutse da ke ajiye a wurin za su faɗa hannun 'yan kishin ƙasa, sai suka aika 'yan sanda su kwashe su. A nan ne Baturen 'yan sanda, F. S. Philip, ya ba da umarni aka buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni, alhali ba su riƙe da bindiga.

Labari ya bazu, tarzoma ta tashi a Aba da Fatakwal da Anacha da Kalaba. 'Yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka haɗa kai suka kafa kwamitin gaggawa. Gwamnati ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Fitzgerald, wanda ya ce Baturen ya yi kuskuren yanke shawara. Rayuka 21, aka kira shi kuskure!

To, me ya sa yaranmu ba su san wannan ba? Na farko, an saba rubuta tarihi a kan gwamnoni da sarakuna da tsarin mulki, leburan da ya ɗauki kaya kuwa ba a kama sunansa. Na biyu, an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a shekarar karatu ta 2009/2010, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi shelar dawo da shi. Yara masu yawa suka gama makaranta a tsakanin nan ba su ji kome ba.

Mu Kirista bai kamata mu yi shiru ba. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin Sarki Dawuda a kan Uriya ba, ya kuma rubuta sunan sojan da aka zalunta. Manzo Yakubu, a sura 5 ta wasiƙarsa, ya gargaɗi mawadata masu danne ladan ma'aikata, ya nuna cewa Ubangiji yana jin kukansu. In Allah bai manta da lebura ba, don me za mu manta?

Ba muna tono wannan don hura wutar ƙiyayya ba ne. Yaron da ya san labarin Iva, in ya girma ya zama ɗan sanda, ko manaja, ko mai gona, zai yi tunani kafin ya taka talaka. Saboda haka muna roƙon malaman makarantun ikilisiya, da shugabannin matasa da zumuntar mata, su keɓe lokaci a watan Nuwamba su ba yara wannan labari. Kowannenmu kuma ya duba gidansa: mun biya mai yi mana noma da yarinyar da ke taya mu aiki hakkinsu a kan kari?

Allah ya ba mu zuciyar adalci. Amin.