Kazar Gida Ta Mutu Ba Zato: Me Ya Kashe Ta, Me Za Ki Yi?

Uwargida, in kina kiwon kaji a tsakar gida, kin san yadda ake wayar gari a tarar da ɗaya a sandare cikin akurki. Abin ya fi ciwo in kazar ɗanki ce, wadda yake watsa wa tsaba da hannunsa. Kafin a ce kwananta ne ya ƙare a wuce wurin, ki tsaya ki duba. Yadda ta mutu shi zai nuna miki ko sauran kajin, har ma da yaranki, suna cikin haɗari.

Tambayar farko: ita kaɗai ce, ko bin juna suke yi?

In suna bin juna

Babbar mai share akurki a ƙasarmu ita ce cutar Niyukasil, wadda ta fi tsananta da hunturu. Kaza za ta takure, ta yi koren zawo, numfashi ya yi mata wuya, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Ƙwayar bairus ce ke kawo ta, don haka kafson da ake kwancewa a ruwan shansu ba ya kashe ta. Rigakafi ne mafita. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin wanda ake ɗigawa a ido, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Sabuwar kaza daga kasuwa kuwa, ki ware ta mako biyu kafin ki haɗa ta da naki.

In kaji da yawa suka faɗi cikin kwana ɗaya ko biyu, kai ya kumbura, zanko ya koma shuɗi, ki yi zaton murar tsuntsaye. An fara gano ta a Najeriya a wata gona a Jihar Kaduna a 2006, kuma a 2007 ta yi ajalin wata mata a Legas. Wannan ta sanar da jami'in lafiyar dabbobi ce nan take.

Kashin jini a jikin 'yan tsaki, musamman da damina, yawanci daga damshin akurki yake, kuma yana da magani.

In ita kaɗai ce

Duba lokacin. Kaza ba ta gumi, kuma zafin jikinta ya kai digiri 41. Da bazara, in ta rasa inuwa da ruwa, sai ta buɗe baki, ta saki fikafikai, kafin la'asar ta tafi. Mai yin ƙwai da ta wuni tana yunƙuri babu abin da ya fito, wataƙila ƙwan ne ya maƙale. Zanko fari fat da rama alama ce ta ƙuma ko tsutsar ciki. Sai ki tuna: an zuba shinkafar ɓera a gidan? An ba su masarar da ta yi funfuna? In gubar ɓera ce, ki nemo inda take tun mai rarrafe bai riga ki ba.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya

Al'adar nan ta "a yi maza a yanka kafin ta mutu". Yanka yana halatta nama, amma ba ya cire cuta ko guba. Mai fige kazar da feɗe ta, wato ke ko 'yarki, ita ce ta fi shiga haɗari.

Ki sa leda a hannu ki ɗauki gawar, a binne ta a rami mai zurfi. Kada a jefa a bola ko kwata. Ki wanke hannu da sabulu, ki hana yara 'yan ƙasa da shekara biyar zuwa wurin. In wani a gidan ya yi zazzaɓi, tari ko jan ido cikin kwana goma, ku tafi asibiti, kuma ki faɗa mana kaji sun mutu a gida. Wannan bayanin yana sauya irin gwajin da za a yi.

Shi kuma mai kazar, kada ki ce masa tafiya ta yi. Faɗa masa ta mutu, kuma ba laifinsa ba ne. In ya nemi a binne ta a gabansa, ki bar shi ya tsaya daga nesa ya gani.